Makon da Goggo Ta Karɓe Kayan Aronta

Goggo ta rasu da safe a ɗakinta na ƙasan masaukin mishan, bayan ta sha shayinta ta wanke kofin ta kife. Mu da muka zauna da ita a ƙasar baƙunta har yanzu ba mu saba ba. Sai ka ɗauki ludayi a kicin ɗinka, ko ka ja labule, hannunka ya tsaya, don da wuya a sami abu a gidan ɗan mishan da bai bi ta hannunta ba.

Ita ba mai wa'azi ba ce, ba ma'aikaciyar asibiti ba ce, karatunta ma bai yi nisa ba. Matar bakanike ce. Ikilisiyarsu ta can gida ce ta aiko mijinta ya riƙa gyaran motocin mishan, ita kuma ta biyo shi da 'yarsu a goye. Ya yi shekaru yana kwanciya ƙarƙashin motocin mutane har Allah ya karɓi abinsa. Ofishin mishan ya ce za a mayar da ita gida. Ta ce to, amma wa zai riƙe masauki? Aka bar mata masauki. 'Yar ta girma ta koma gida ta yi aure, Goggo tana nan tana canza wa baƙi zanen gado. Yaran mishan ne suka sa mata Goggon Gwanjo, manya suka gutsure suka bar Goggo, har waɗanda suka girme ta haka suke kiranta.

Aikin mishan aikin zuwa da tafiya ne. Iyali su zo da akwatuna, su yi shekarunsu, su koma da akwatunan nan dai, don jirgi ba ya ɗaukar firji da gado. Saboda haka duk mai tafiya sai ya yi gwanjon kayan gidansa, masu zama da sababbin zuwa su saya. Teburin cin abinci guda sai ya zaga gidaje. Katifar da ka kwana a kai bara da ka je baƙunta gidan wani, bana ita ce taka.

Kafin Goggo ta sa hannu, abin ba kan gado. Da an ji za ka tafi sai a yi maka caa, wannan ya ɗauke kujeru, wancan ya kwance labule, ka ƙare makonninka na ƙarshe a gida kamar wanda ɓarayi suka yi wa ziyara. Ta taɓa shiga gidan wata nas ta iske 'ya'yanta suna cin abinci a ƙasa a kan murfin kwali, ƙaramin yana tambayar uwarsa ko su ma za a sayar da su ne. Daga ranar ta mayar da abin nata.

Ta yanka tsofaffin riguna da zannuwa ta ba kowane gida irin ƙyallensa. In ka sayi abu ranar gwanjo, sai ka ɗaura masa ƙyallenka ka tafi ka bar shi. Mai gida zai ci gaba da zama a kan kujerarsa, ya dafa a tukunyarsa, ba za ka ɗauki kayanka ba sai ranar da zai bar gidan. Kuma ba a ɗaura ƙyalle sai mai kayan ya faɗa maka halinsu da bakinsa: wace ƙafar teburi ce gajera, wane kan murhu ne yake ruɗin mutum, ina ake dafe fanka kafin ta tashi. Ta ce kaya ma suna da hali kamar mutane, rashin mutunci ne ka aurar da abu ka ɓoye ciwonsa. Abin da ta fi tsana kuwa shi ne mai saye ya miƙa kuɗi ba taya, yana tausaya wa mai tafiya. Dole ka taya, dole mai kaya ya ja, ko da a ƙarshe abin da za a rage bai kai kuɗin burodi ba. Wasu suna ganin wasa ne. Ita ta ce wanda ka yi ciniki da shi ka ɗauke shi mutum ne, ba abin tausayi ba.

Abin da ya yi kwantai takan tattara a sitonta na ƙarƙashin matakala. Daga nan take ba da aro. Butarka ta ƙone, tsaninka ya karye, ka je wurin Goggo. Aron nata kuwa ba shi da ranar dawowa. Akwai masu kayanta a gida tun 'ya'yansu suna rarrafe, yanzu 'ya'yan suna makarantar kwana, ba ta taɓa tambaya ba. Yawanci ma sun manta na aro ne. Ita ba ta manta ba, ba ta dai magana.

Wani abu guda ne yake tayar mata da hankali, shi ne mutum ya tafi ba gwanjo. Ta ga irinsa a shekarunta. Wanda aiki ya fi ƙarfinsa, ko ya sami saɓani da ofis, sai ya sulale, ya bar mabuɗi a ƙarƙashin tukunyar fure. Irin waɗannan ba a sake jin ɗuriyarsu. Ba waya, ba gaisuwa, in sun koma gida ma sukan guje wa ikilisiyar da ta aiko su, don kunya. Goggo takan ce waɗannan ba tafiya suka yi ba, ɓata suka yi, kuma mu muka ɓatar da su.

Shi ya sa ranar da Mai Rediyo ya shigo masauki da mabuɗi a hannu, ta gane abin da ya kawo shi tun bai buɗe baki ba.

Mai Rediyo saurayi ne mai shiru-shiru da aka aiko ya kula da na'urorin ɗakin shirye-shiryen rediyo na mishan. Ya zo da matarsa suna sababbin aure, aka sa mata Amarya, sunan ya zauna. Yarinya ce mai fara'a da ta zo, tana da murya, takan ja waƙa ran Lahadi. Amma harshen mutanen ƙasar ya ƙi shiga kanta. In ta je kasuwa sai ta dawo da abin da ba shi ta je saye ba, ta yi dariya, daga baya ta daina dariyar. Mijin yana wurin aiki tun safe. Sai ta sami ciki, cikin ya yi girma har an sayi gadon jariri a gwanjon wasu, sannan ya zube. Daga nan ta rufe labule. Ba sujada, ba taron mata, in an ƙwanƙwasa sai mijin ya ce tana barci. A wani taron matan ne Mama Babba, matar shugaban mishan, ta ce wannan aiki ba na masu zuciyar auduga ba ne, su da suka zo ba wuta ba ruwa ai ba su rufe ƙofa ba. Ba ta kira suna ba, amma maganar ta hau bene ta iske mai ita.

Mai Rediyo ya ce wa Goggo sun yanke shawara za su koma gida, ko shekara biyu ba su cika ba. Ba sa son gwanjo, ba sa son rakiya. Ga mabuɗi na biyu, in sun tafi ta raba kayan yadda ta ga dama. Goggo ta dubi mabuɗin ba ta karɓa ba. Ta tambaye shi ko ya karya, ya ce a'a. Ta zuba masa shayi ta yanka masa burodi, ta ce ya tsare mata masauki, ta ɗauki mayafinta.

Gidansu a saman bene yake, ga ƙafafunta a lokacin sun fara kumbura. Ta hau tana hutawa. Amarya ta buɗe don ta ji numfashinta a bayan ƙofa, ba ta iya barin tsohuwa a tsaye ba. Falon duhu, warin rufaffen ɗaki, kwanuka a jiƙe. Goggo ba ta yi mata wa'azi ba, ba ta ce ta yi haƙuri ba. Zagaya gidan ta shiga yi tana gaisawa da kaya kamar 'yan'uwa. Ta shafa kabad ta ce a'a, kai ma kana nan? Ta ce wannan kujera ta wani tsohon fasto ce mai ƙiba, shi ya lotsa ta, Allah ya yafe masa. Amarya tana tsaye jikin bango, har Goggo ta ce Asabar ta sama za a yi gwanjo.

Amarya ta ce, "Wa zai zo, Goggo? Su zo su ga wadda ta kasa?"

Goggo ta ce, "Zuwansu aikina ne. Naki ki wanke tukwanen nan, ba na sayar da baƙar tukunya."

Suka ja maganar. A ƙarshe Amarya ta yarda, amma da sharaɗi. In ba wanda ya zo, Goggo za ta karɓi mabuɗin, ta bar su su tafi ba wanda ya sani, kuma kada ta sake kawo zancen. Goggo ta ce ta ji. Kafin ta sauko ta kwance gadon jaririn da kanta, ta ɗaure katakan, da ta koma masauki ta ce wa Mai Rediyo ya kai mata sito. Wannan ba ya cikin gwanjo.

Ran Lahadi bayan sujada ta miƙe ta yi sanarwa yadda ta saba. Da, in ta yi irin wannan sanarwa, mata kan fara raɗa tun ba ta zauna ba, wannan tana cewa firjin nata ne. Ran nan shiru. Kowa yana gyara jaka, yana neman takalmin yaro. Goggo ta san mutanenta. Ba mugunta ba ce. Sun bar yarinyar ita kaɗai wata da watanni, yanzu ba su san da wace fuska za su shiga gidanta ba. A bakin ƙofa Mama Babba ta ja ta gefe ta ce a bar yaran nan su tafi a rufe, gwanjo tonon asiri ne kawai, ofis zai saye kayan gaba ɗaya a huta. Goggo ta ce ta gode da shawara.

Washegari ta fito da tsohon keken jarirai da take dakon kaya da shi, ta fara bin gidaje.

Ta fara da gidan Likita. Ta gaishe shi, ta tambayi asibiti, sannan ta ce ta zo karɓar fitilar teburinta. Likita ya ce wace fitila? Ta nuna wadda yake karatu da ita. Ya yi tsaye yana tunani, har ya tuna da gaske shekarun baya tasa ta faɗi ta fashe, ya je sito. Ya cire ta daga bango ya ba ta yana tambaya ko lafiya. Ta ce lafiya lau, sito ne take son ta ƙidaya 'ya'yanta. A hanyar fita ta ga tsani ta ce af, wannan ma. A gidan Malama ta makarantar yara ta karɓi butar lantarki da ruwa a ciki, sai da aka juye. Wani gida fanka, wani gida babbar tukunya, wani gida injin markaɗe. Duk inda ta karɓa, in ta kai ƙofa sai ta juyo kamar yanzu ta tuna, ta ce ai kuwa akwai irinsa a gidan Amarya, mai kyau ma, Asabar ne. Yara suna bin keken suna dariya, ita tana turawa tana tsayawa tana dafe ƙirji.

Gidan Mama Babba ta bari na ƙarshe, sai da mako ya kusa ƙarewa. Ta san ran Lahadi manyan baƙi za su zo daga hedkwata, ta san kuma Shugaba ba ya sa rigar da ba ta sha guga ba. Ta iske Mama Babba a tsakiyar tulin wanki, ta ce ta zo karɓar dutsen gugarta.

Mama Babba ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Shekara nawa dutsen nan yake gidana, sai yau?"

"Shi ya sa na ce ya zo ya huta."

"Na san abin da kike yi, Goggo. Ni ba yarinya ba ce."

"Ai ni ma ban ɓoye ba, Mama."

Mama Babba ta ce za ta shiga gari ta sayi sabo. Goggo ta ce da kyau, in ta samu wanda kan wayarsa zai shiga bangon gidajen mishan ta sayo mata ɗaya ita ma. Gidajen nan tsofaffi ne, irin wayarsu ta da ce, abin da ya sa kayan lantarki suke zagayawa tsakaninmu ke nan. Mama Babba ta naɗe wayar dutsen da ƙarfi ta dangwarar a keken. Sun yi shekara da shekaru tare, sun yi jinyar juna, sun binne mutane tare, amma ran nan ba su yi sallama ba.

Asabar da safe Goggo ta hau benen da wuri. Ta iske tukwane suna ƙyalli, an share, amma labule a rufe. Ta yaye su duka. Ta jera ƙananan kaya a kan teburi, ta bar ƙofa a buɗe ta tokare ta da kujera, ta zauna a kai. Mai Rediyo yana kai da kawo a baranda. Amarya ta shige kicin ta tsaya gaban famfo.

Rana ta ɗaga ba kowa. Goggo tana jin motsin titi, mai shara yana jan kwandonsa, wata mota tana ƙin tashi. Duk takun da ta ji a matakala sai ya tsaya a hawa na ƙasa. Nan ne, ta faɗa daga baya, zuciyarta ta fara yi mata gori. Ta ce wa kanta ke tsohuwar banza, kin ɓata da mutane, kin sa yarinya ta wanke gida, in ba su zo ba kin ƙara mata wani ciwon a kan nata. Ta ga mabuɗin a rataye bayan ƙofa ta kau da kai. Ta yi 'yar addu'arta, irin tata, gajera kamar aike.

Likita ne ya fara zuwa, da ƙyallensa a aljihun gaba. Ya gaisa a tsaitsaye, ya hangi fitila, ya nufe ta zai ɗaura ya gudu. Goggo ta miƙa ƙafa ta tare hanya. Ta ce yaushe aka fara ɗaura ƙyalle ba a ji halin kaya ba? Ta ɗaga murya ta kira mai fitila. Amarya ta fito tana goge hannu, idonta a ƙasa, ta ce a hankali makunnin yana da taurin kai, sai an danna an riƙe. Likita ya danna, ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Amarya ta matso ta sa yatsa, fitila ta kama. Goggo ta ce mutumin da yake tsaga cikin mutane ya kasa kunna fitila, Allah ya kiyaye marasa lafiya. Likita ya yi dariya, ya taya, Amarya ta ce ta sallama tun bai rufe baki ba. Goggo ta harare ta amma ta ƙyale.

Sai ga Malama tana mita tun daga matakala, wai kwana da kwanaki tana dafa ruwan shayi a tukunyar miya. Bayanta wasu mata biyu, sannan wani da matarsa. Kowa ya shigo da ƙorafinsa a kan Goggo, ƙorafin kuwa ya ba su abin faɗa, ba wanda ya tsaya neman kalmar jaje. Aka kai ga injin wanki. Amarya ta ce in ya zo matsa kaya yakan yi tafiya, sai an zauna a kansa, ita kan hau da littafinta har ya gama. Wata ta ce ai ta san shi, a gidanta ya fara wannan yawon, ya taɓa zuwa har bakin ƙofa. Aka kwashe da dariya, Amarya ma ta rufe baki da hannu. Malama ta ja ta gefe wurin tukwane, suka daɗe, ba wanda ya ji abin da suke cewa, sai dai Malama ta fito tana share ido da ƙyallen da ta zo ɗaurawa. Kafin azahar gidan ya cika da ƙyallaye, a ƙafar kujera, a hannun firji, a wuyan fanka.

Goggo ba ta tashi daga bakin ƙofa ba. Mutum guda take jira, don ta san in wannan ba ta zo ba, maganar da ta hau benen nan tana nan ba ta sauka ba.

Mama Babba ta zo ana shirin watsewa, rigarta duk a yamutse. Ta gaida kowa a dunƙule, ta wuce teburi ta ɗauki dutsen guga, ta ajiye ambulan ta ce a riƙe duka, har da na hanya. Goggo ta ce daga zaune, a gidan nan ba a sadaka, in tana so ta taya. Mama Babba ta ɗauke ambulanta. Ta ce to, tunda ciniki ake so. Ta juya dutsen, ta ce wayar ta tsufa, ƙasan ya yi baƙi, irin wannan ba ya jimirin aiki, daga gani na 'yan kwalliya ne. Ta taya da abin da ko yaro ba zai taya ba.

Abin da ba ta sani ba, duk gidan nan wannan dutsen ne kaɗai ba na gwanjo ba. Uwar Amarya ce ta saya mata, daga gida ta zo da shi a cikin akwatinta, mijin ya canza masa kan waya. Amarya ta ɗago kai.

"Albarka."

Mama Babba ta ƙara kaɗan, tana cewa don zumunci ne.

"Albarka, Mama. Kullum sai na yi guga da shi, har ranakun da ban iya fita ba. Mijina bai taɓa zuwa aiki da yamutsattsiyar riga ba. Kin raina shi ne kamar yadda kika raina mai shi."

Mai Rediyo ya taho daga baranda, Goggo ta ɗaga masa hannu ya tsaya. Mama Babba ta daɗe tana kallon dutsen. Sannan ta ja lotsattsiyar kujerar nan ta zauna, ta ce bakinta ya fi ta sauri, an sha faɗa mata, Shugaba ma ya gaji da faɗa. Ta ce ya kamata a ce ta hau benen nan tun tuni, amma ba ta hau ba. Iyakar abin da ta ce ke nan, amma a gaban kowa ta faɗa, ga wanda ya san ta kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Ta ce, "To 'yata, faɗi kuɗinki."

Amarya ta karɓi dutsen ta naɗe wayar a hankali. Ta ce ta fasa, ba na sayarwa ba ne, gida za ta koma da shi. Sai ta miƙa wa Mama Babba ta ce, "Amma gobe kina da baƙi. Na ara miki. Ki kawo mini ranar tafiya."

Goggo ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sai da aka kawo mata ruwa.

Ranar tafiya da rana tsaka suka tafi. Kowa ya zo, tunda kowa yana da kaya a gidan, kuma ba a taɓa komai ba sai da aka sauko da akwatuna. Maza suka ɗauka, mata suka sa Amarya a tsakiya. Mama Babba ta kawo dutsen a naɗe cikin tawul, da ɗuminsa, don sai da ta goge rigar ƙarshe kafin ta fito. Aka buɗe akwati a bakin titi aka nema masa wuri. Aka yi addu'a, wata ta ja waƙa, Amarya ta kama da muryar da muka daɗe ba mu ji ba. Goggo da ta hau benen tun safe ba ta sauko ba, ƙafa ta ƙi. Ta taga ta leƙo tana ba da umarni, wai a kula da ƙafar kabad a kwanar matakala. Amarya ta ɗaga kai ta kira ta, ta ce za ta buga waya in sun sauka. Goggo ta ce ta ji, ta shiga mota kada jirgi ya tafi ya bar ta ta dawo ta ce a kwance ƙyallaye.

Ta buga kuwa. Ta ci gaba da bugawa, wani lokaci don ta tambayi yadda ake cire tabo a labule, wani lokaci ba dalili. Da suka koma ba su ɓuya ba. Sun tsaya gaban ikilisiyar da ta aiko su suka ce sun dawo da wuri, ga abin da ya faru. Ta ga likita, ta warware a hankali. Goggo kan sa wayar a kunne tana ninke zanen gado, in an gama ta ce wa duk wanda ke kusa, 'yar nan ta yi ƙiba, a murya ake ji.

Kayan aron kuwa ba ta iya sake zagayawa da su ba, jiki ya ƙi. Masu bukata suka riƙa zuwa sito da kansu, ta ba su tana tsokanarsu. Ta ƙara yin gwanjo kaɗan bayan wannan, a zaune.

Da ta rasu, mun rasa wanda zai je ya gaya wa 'yarta can gida, don ba mu so ta ji a waya. Mama Babba ce ta ce a kira Amarya. Amarya ce ta shiga mota ta yi doguwar tafiya har garin da 'yar take aure, ta faɗa mata da bakinta, ta zauna da ita har aka gama karɓar gaisuwa. Masu zuwa suna tambaya ko ƙanwar matar gidan ce, 'yar Goggo ta ce e.

Ubangiji ya ba ki hutu, Goggo, ƙafafun nan sun yi aiki.